Tsawon Mota Ba Ƙarfinta Ba Ne

Yau maganar motocin kasuwa za mu yi, waɗannan masu buɗaɗɗen baya da muke ce wa bashe, masu kwasar mu da hatsinmu da awakinmu daga Atantane da ƙauyukanta zuwa Mayahi, zuwa Tasawa, har Maradi. Wata ɗabi'a ta shigo wa masu motocin nan, kuma kullum sai ƙara yaɗuwa take yi. Mutum ya sayi mota, kafin ta yi jigila ko ɗaya sai ya kai ta gareji. A ƙara mata sifirin a baya, a cusa mata kutture a ƙarƙashi, a cire tayoyin da ta zo da su a sa mata manya. Ta fito tana tsaye ƙerere kamar zalɓe, yara na bin ta da kallo, mai ita yana cewa: "Yanzu ta zama mota." Ni kuwa na ce yanzu ta zama tarko. Kuma ba mai motar kaɗai ke cikin tarkon ba, har da ni, da kai, da matar da ta hau da goyo.

Ba gaba nake yi da direbobi ba. Kowa ya san alherinsu. In babu su, waken manomi sai ya tsaya a gida ƙwari su cinye, mai naƙuda kuma sai amalanke. Tun zamanin Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna ta fara harhaɗa irinsu a 1975, har zuwa Toyota Hilux da Land Cruiser na yanzu, motocin nan su ne jakunan ƙasarmu. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da ya shafi ran mutane ba a rufe shi don kunya.

Gindin mota sikeli ne

Ku dubi bashe sabuwa wadda ba kaya a cikinta. Za ku ga bayanta ya ɗan fi gabanta tashi. Ba kuskure maƙeranta suka yi ba. Sun bar wannan tazara ne don in an ɗora mata kayan da ya dace da ita, gindin ya sauka, motar ta daidaita. In ka ga gindin ya wuce daidai, ya zauna, hancinta ya kalli sama, to motar ce ke yi maka magana. Cewa take yi: "Kaya sun fi ƙarfina." Wannan shi ne sikelin da ta zo da shi daga gidansu, wanda ko wanda bai taɓa shiga aji ba yana iya karanta shi.

To, me mai ƙarin sifirin ya yi? Ya toshe bakin mai faɗa masa gaskiya. Ya ƙara mata fale-falen ƙarfe biyu ko uku, gindin ya daina sauka, shi kuwa ya ce ta ƙara ƙarfi. Ina ƙarfin yake? Ƙashin bayan motar shi ne dai na da. Ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya shi ne dai na da. Boris ɗin cikin ƙafa, da kusoshin da ke riƙe da taya, da birki, duk su ne na da. Kamar mutum ne ya ɗaura wa jakinsa sanduna a ƙafa don kada ya durƙusa, sannan ya ƙara masa buhu uku. Jakin ba zai durƙusa ba, gaskiya ne, amma ranar da zai faɗi karyewa zai yi.

Mu yi lissafi, tunda shi muke koyo a ajin yaƙi da jahilci. Irin waɗannan motoci, abin da aka yi su su ɗauka wajen tan ɗaya ne, wato kilo 1,000, har da direba da duk wanda ya hau. An rubuta adadin a takardar mota, mai shakka ya buɗe ya duba. Buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Ke nan buhu 10 sun cika mota, ba a yi maganar mutum ko ɗaya ba. Yanzu mu ƙaddara an ɗora buhu 12, kilo 1,200 ke nan. Mutum 15 suka hau bisa buhunan, kowane kilo 60, kilo 900 ke nan. A haɗa: kilo 2,100. An ninka abin da aka halatta mata, har da ɗoriya, kuma ba mu ƙirga awaki da jarkunan mai da ke rataye a gefe ba. Ku faɗi tsakaninku da Allah, ranar kasuwa wannan lodi baƙon abu ne a idonku?

Akwai wata ɓarna kuma da ba a gani. Da yawa daga motocin Toyota na wannan iri suna da wata ƴar na'ura a ƙarƙashi, haɗe da ƙarfen ƙafafun baya. Aikinta ta ji yadda gindin mota ya sauka. In ya sauka, ta san akwai kaya, sai ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In an ɗaga mota ba a daidaita wannan na'ura ba, kullum ɗauka take yi motar wayam take. Sai ga mota da tan biyu a kanta, birkinta na baya yana aiki kamar na motar da ba ta ɗauki ko tiya ba.

Abin da ya yi sama, kifewa ke jiransa

Ba sai mun je makarantar injiniyoyi ba. Me ya sa mangala take sauka ta gefen jaki biyu, ba a tara kayan tsibi guda bisa gadon bayansa? Don nauyin da ke ƙasa-ƙasa shi ke zama daram. Kowane manomi ya ga amalanken da aka jibga wa dammunan hatsi har suka yi tsororuwa. Ƙafa ɗaya ta faɗa ɗan rami, sai gaba ɗaya ya kwanta. Amalanken da aka shimfiɗa wa kaya ƙasa-ƙasa kuwa ya bi ramin nan ya wuce lafiya.

Haka mota take. Faɗin da ke tsakanin ƙafarta ta dama da ta hagu bai ƙaru ba, amma an ɗaga jikinta, an jera buhuna har sun wuce kan direba, mutane kuma sun zauna can bisa. Nauyi duk ya koma sama. A kan hanya miƙaƙƙiya ba za ka ga komai ba. Bari akuya ta gitta direba ya kauce, ko ƙafa ɗaya ta nutse cikin rairayi a gangaren Gulbin Kaba, ko taya ta fashe. Motar da ke ƙasa za ta yi tangaɗi ta miƙe. Wadda aka ɗaga sai ta juye. Kuma wa ke fara isa ƙasa? Na bisa buhu, wanda ba shi da abin riƙo sai igiya, buhun kilo 100 kuma ya biyo shi.

Kada a ce wannan tsoron ƙauyawa ne. A Amurka, ƙasar da ake ƙera motoci, an ga haka. A watan Agusta na 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi daga kasuwa, yawancinsu a jikin wata doguwar mota mai suna Ford Explorer. Fatar tayar ce ke saɓulewa in ta yi zafi a guje, motar kuma da yake doguwa ce sai ta yi ta mirginawa. An danganta mutuwar mutum 271 da wannan lamari a Amurka kaɗai, kuma abin ya fi yawa a jihohinsu masu zafi. An ga irinsa a Saudiyya. Wannan fa mota ce da injiniyoyi suka auna, a kan kwalta mai kyau. Ina ga wadda aka ɗaga da guduma a gindin bedi?

Lissafin babbar taya

A jikin kowace taya akwai rubutu. Hilux da yawa sun zo da taya mai lamba 205 R16. Tsayinta daga ƙasa zuwa sama wajen santimita 73 ne. Mai son burga ya cire ta ya sa mai lamba 265/75 R16. Lamba 265 faɗin tayar ke nan da milimita, 16 kuma girman ƙarfen da ake sa ta a kai. Tsayin wannan wajen santimita 80 ne. Bambancinsu santimita 7. Amma mota rabin wannan kawai take tashi, tunda a tsakiyar taya take rataye. Santimita 3 da rabi ke nan, faɗin yatsu biyu. Wannan ita ce ribar duka.

Ga kuma abin da aka biya. Babbar taya, juyi ɗaya nata ya fi na ƙarama cin ƙasa da kusan kashi ɗaya cikin goma. Agogon gudu kuwa juyi yake ƙirgawa, bai san an canza taya ba. In ya nuna 80, motar tana gudun kusan 88 ne. Direba yana rantsuwa bai wuce ƙa'ida ba, alhali agogonsa ƙarya yake yi masa. Wannan ɗan ƙarin gudu kaɗai yana tsawaita tazarar tsayawa da wajen kashi ɗaya cikin biyar. Agogon kilomita ma haka: in ya ƙirga 100, an yi kusan 110, sai lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba a sani ba.

Birki kuma fa? Birkin yana can tsakiyar ƙafa, girmansa bai canza ba, an dai ba shi babbar taya ya tsayar. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin tsayar da ƙafar keke da ta amalanke da hannu ya san bambanci. Ga ƙarin gudu, ga raunin birki, ga lodi ninki biyu. Abu uku sun haɗu a kan yaron da ya fito da gudu daga bayan shinge.

Injin ma yana biyan nasa. Babbar taya ta fi nauyi, ta fi wuyar juyawa. Motar da ke hawa tudu da giya ta uku sai ta koma ta biyu. Mai ya ƙara tafiya, kuloci ya riƙa ƙonewa, boris ya riƙa mutuwa kafin lokacinsa. In an karya sitiyari har ƙarshe, ko an faɗa rami da kaya, tayar ta goga jikin mota ta yanke. Mai mota ya yi ta zarya gareji yana zagin kayan gyaran zamani, bai san shi ya sayo wa kansa ba. Garin neman gira an rasa ido.

"Ai rairayi ne"

Wannan ita ce babbar hujjarsu, kuma ba zan raina ta ba. Hanyoyin ƙauyukanmu rairayi ne, da damina kuma ruwa ya yanke su. Samarinmu da suka je Agadas, da waɗanda suka bi zinariyar Jado bayan da aka gano ta a 2014, sun ga motocin sahara masu dogayen ƙafafu, abin ya ba su sha'awa. Amma Land Cruiser da tayarta mai lamba 7.50 R16 ta fito daga masana'anta. An auna birkinta da giyarta da ƙarfenta a kan wannan taya. Ba ƙaramar mota ba ce da aka yi wa aron ƙafa.

Sannan ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin motar da aka ɗaga. Abin da ya fi kusa da ƙasa shi ne tulun ƙarfen nan da ke tsakiyar ƙafafun baya, kuma shi ke fara kama rairayi. Ƙarin sifirin da kutture ba su ɗaga shi ko da kaurin farce. Jikin mota suke ɗagawa, tulun yana nan inda yake. Ke nan an sayi haɗarin kifewa, ba a sayi tsira daga kafewa ba.

Tsofaffin direbobi sun san maganin rairayi. A rage wa taya iska kafin a shiga, ta baje kamar tafin raƙumi, a tafi sannu ba tsayawa. In an fito kan tsandauri ko an hau babbar kwalta ta Cadawa da Gazawa da Tasawa, a mai da iskar. Famfon hannu da ɗan agogon awon iska ba su kai kuɗin taya ɗaya ba. Sai dai wannan dabara ba ta yiwuwa ga motar da ta ɗauki tan biyu, don taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin irin wannan nauyi zafi take yi ta fashe. Ashe ba rairayi ke kafe mota ba, lodi ne. Kuma ba don rairayi ake ɗaga ta ba, don a ƙara buhu ne. Mu kira abu da sunansa.

Tayar gwanjo

Babbar taya sabuwa tana da tsada, saboda haka mafi yawa gwanjo ake saye, wadda wani ya gama ci a Turai. A nan ne karatu ke ceton rai. Abu huɗu za ka duba.

Na ɗaya, shekarunta. Nemi inda aka rubuta DOT, ka bi rubutun har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2018. Kamfanin Michelin da kansa yana ba da shawara a riƙa kai taya ana dubawa kowace shekara in ta kai shekara 5 tana aiki, kuma in ta kai 10 a cire ta ko da zanenta bai cinye ba. Roba tsufa take yi kamar igiyar guga, a ƙasar da zafin bazara ke wuce awo 40 kuwa ta fi saurin tsufa.

Na biyu, nauyin da take ɗauka. Bayan lambar girma akwai wata lamba. In 100 ce, kilo 800 ke nan. In 104 ce, kilo 900. In 110 ce, kilo 1,060. In 112 ce, kilo 1,120. Girman taya daban, ƙarfinta daban. Akwai faffaɗar taya ta motar yawo wadda siririyar tayar kaya ta fi ta ƙarfi nesa. Kada a yi wa rogo kallon kitse.

Na uku, zanenta. A Turai doka ta hana hawa tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, wato bai kai kaurin tsinken ashana ba. Abin da doka ta kora can, shi muke saye da kuɗinmu a nan.

Na huɗu, in ka ga hoton ɗan dutse mai kai uku da tauraron ƙanƙara a ciki, tayar sanyi ce. An yi robarta da laushi don ƙasashen da ruwa ke daskarewa. A kan kwaltar Maradi cikin watan Afrilu, cinyewa take yi kamar sabulu.

"Ajali ne" da "mai ya yi tsada"

In mota ta kife aka yi rashi, sai a taru a ce kwana ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya kwana ya bar raƙuminsa ba dabaibayi, da safe ba ya tara mutane ya ce ƙaddara ta tafi da shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara, ita da ta fi kowa ƙarancin motoci. Ajali bai fi son baƙar fata ba. Abin da muke yi da hannunmu ne ya bambanta.

Direba kuma ya ce: "Malam, in ban yi lodi haka ba, ba na fid da kuɗin mai da na mai mota." Na ji wannan, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma a yi lissafin har ƙarshe. A sa man da ya ƙaru, da boris, da kuloci, da tayar da ta fashe, da kwanakin da mota ta yi a gareji ba ta kawo ko dala ba. A sa ranar da ƙashin bayanta ya tsage aka kai wa mai walda. Sannan a sa ranar da ba a fata, a gaya mini jika nawa ke biyan uwar ƴaƴa biyar. Mu fasinja ma muna da namu laifi. Mu ne ke roƙon ɗan kamasho ya matsa mana wuri a motar da ta riga ta cika. Mu ne ke ƙin ƙarin dala goma, mu yarda a ƙara mutum biyar.

Abin da ya kamata

Mai mota, in sifirinka ya gaji, canza shi da irinsa. In za ka sa taya, sa girman da aka rubuta wa motarka, ko wanda maƙeranta suka yarda da shi, huɗun duka iri ɗaya. Kutturen itace ko na ƙarfen da aka yanka da ka, fid da shi yau.

Makanike, kai ne malami a nan. In an kawo maka aikin da ka san zai kashe mutane, faɗi gaskiya ko da za a kai wa wani. Hannun da ya ɗaura kutturen yana da rabo a abin da ya biyo baya.

Shugabannin tasha da sandikar masu motoci, ku yanke adadin buhu da na mutane ga kowace irin mota, ku rubuta a allo da Hausa da manyan baƙaƙe inda kowa zai gani. In kowa ya bi adadi ɗaya, ba direban da zai ce ɗan uwansa ya cuce shi. Manoma kuma, ƙungiyoyinmu su tara kaya a yi musu sawu na dabam, mutane su hau nasu sawu. Buhu ƙasa, nauyi a gaba kusa da kan mota, ba mutum bisa tsororuwa.

Hukuma, ƙasarmu tana da dokar hanya, tana da ma'aikatar kiyaye haɗurra ta ANISER. Muna roƙo masu tsaron hanya, bayan sun duba takardu, su zagaya su dubi taya da lodi. Takarda ba ta fashewa a guje. Muna kuma roƙon a zuba wa hanyoyin kasuwanninmu jar ƙasa, don ranar da hanya ta gyaru, hujjar rairayi ta mutu.

Ku kuma ɗalibanmu na yaƙi da jahilci, maza da mata, ga aikin gida. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin ka hau, tsuguna gefen taya ka karanta lambobin nan huɗu. Ƙirga buhunan, ƙirga kawunan, ka haɗa lissafi. In ya wuce, sauko ka jira ta gaba, ka kuma gaya wa na kusa da kai dalili. Za a yi maka dariya ranar farko. Ranar da mutum goma suka sauko tare, mai mota ne zai sauke buhu. Wanda ya iya karatu, ya karanta wa wanda bai iya ba wannan takarda a dandali da bakin rijiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya. Wassalam.

Malamin yaƙi da jahilci, Atantane, gundumar Mayahi.